Magudanar Da Ke Gina Kanta

'Yan'uwa manoma, a ƙauyen Usterling na ƙasar Jamus akwai wata magudanar ruwa wadda ba magini ne ya gina ta ba. Tsawonta wajen mita 40, tsayinta kamar mita 5, ruwa kuwa yana bin samanta cikin ɗan siririn lambatu. Masana sun ce ta kai shekara 5,000.

Ga yadda ta samu. Ruwan sama in ya nutse ƙasa ya tarar da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, yakan narkar da shi kaɗan kaɗan. Da ya ɓullo a idon ruwa ya sha iska, sai farar ƙasar ta kwanta. Farin ɓawon da ke kama gindin butar dafa ruwa, ai shi ne. Gansakukar da ke bakin ruwan takan kama shi, shekara bayan shekara bango yana tashi.

Amma abin da ya kawo mu zancen ke nan: ko wannan magudana ba a ƙyale ta ba. Tun kaka da kakanni mutanen wurin ke kwashe ganyaye da laka daga cikinta, da hunturu kuma su karkata ruwan don kada ƙanƙara ta fasa dutsen. In ta toshe, ruwa ya bi gefe, ginin ya tsaya.

To, mu fa? Daga Illo har Lolo, bakin iyakar Binin, ba a taron ƙungiyar gama kai da ba a roƙon siminti don magudanun noman rani. Roƙon ba laifi, gama man injin ban ruwa ya yi tsada, yashin fadamar Kwara kuwa yana shanye ruwa kafin ya isa fangalin ƙarshe. Sai dai mun ga lambatun siminti da ya cike da ƙasa cikin shekara biyu, kowa yana jiran wani. Mai fangalin ƙarshe ne shinkafarsa ke ƙonewa, yawanci kuma shi ne marar ƙarfi a cikinmu.

Shawararmu ita ce, kada ma'aji ya fitar da kuɗin siminti ko buhu ɗaya sai an rubuta a littafin ƙungiya wa zai yashe wane yanki, wace rana, da tarar wanda bai fito gayya ba. A taron wata mai zuwa, kowane sakatare ya zo da littafinsa.