Sabis Bai Ɗauke Ba, Suna Ne Ya Ɓata

Daren Alhamis ɗin makon jiya, wajen ƙarfe goma da rabi, na zauna a gida zan ɗora sakamakon jarrabawar ɗalibaina a shafin jami'a, wa'adi kuma zai cika ƙarfe sha biyu. Na rubuta sunan shafin, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Na gwada wani shafin, amsar ɗaya ce. Ga alamar wifi a cike, data kuwa da safe na saya. Babban ɗana ya leƙo, ya yanke hukunci nan take: "Baba, sabis ne babu." Da wannan jimla muke binne kowace matsalar intanet, mu tsine wa kamfani, mu kwanta. Ni ban da damar kwanciya, domin makin ɗalibai na hannuna.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, kwamfuta lamba take ganewa, ba suna ba. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi na lambobi. Idan ka rubuta sunan shafi, kwamfutarka kamar baƙo take, wanda ya san sunan mai masaukinsa amma bai san gidan ba, sai ya tambayi mai unguwa. Mai unguwar intanet shi ne tsarin da ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka a 1983. Kafin nan, sunayen kwamfutoci duka a fayil guda ake tara su, wata cibiyar bincike a Kalifoniya ke kula da shi, kowa ya kwafa. Idan mai unguwa ya yi shiru, hanya na nan, gida na nan, amma baƙo ya maƙale. Shi ya faru ranar 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kusan awa shida: kuskuren saiti ya yanke hanyar zuwa na'urorin da ke faɗin adireshinsu.

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Ga yadda na bi, kuma kowa zai iya. Da farko na buɗe Command Prompt a Windows, na rubuta ping 8.8.8.8, wadda lamba ce ta Google. Amsa ta dawo, alamar hanya lafiya take. Sai na rubuta ping google.com, ta ce ba ta sami wannan suna ba. Lamba ta amsa, suna ya ƙi. Kamfani ya fita daga zargin katse layi, zargi ya koma kan mai unguwa.

Saura a gano wanne. A yawancin gidaje, kwamfuta rauta take tambaya, wato ƙaramar na'urar da ke raba wifi, ita kuma ta tambayi kamfani. Na rubuta nslookup google.com, shiru. Na sake rubutawa, na ƙara 8.8.8.8 a ƙarshe don tambayar ta tsallake rauta, nan da nan adireshi ya fito. Sai na shiga saitin wifi na kwamfuta, na sa 8.8.8.8 a gurbin DNS, da 1.1.1.1 ta Cloudflare a gurbi na biyu. Na ƙarasa da ipconfig /flushdns, domin kwamfuta takan riƙe tsofaffin amsoshi, har da na kuskure. Kafin sha ɗaya da rabi sakamako ya hau. Washegari na kashe rautar na kunna, ta dawo hayyacinta. Da ita ya kamata in fara.

Irin wannan ciwo yakan kama na'urorin cikin gida ma. Firintar da jiya ta yi aiki, yau kwamfuta ta ce ba ta ganinta. Sau da yawa dalilin shi ne, rauta aron lambobi take bayarwa. Bayan an ɗauke wuta an dawo, sai firinta ta sami sabuwar lamba, kwamfuta na can tana sallama a tsohon gida. Maganin shi ne a shiga saitin rauta, wanda adireshinsa kan kasance rubuce a jikinta, a keɓe wa firintar lamba ta dindindin.

Sai dai akwai gargaɗi. Wanda kake tambaya hanya ya san duk inda kake zuwa, idan kuma maƙaryaci ne zai iya nuna maka gidan ɓarawo ya ce bankinka ne. A 2011 hukumar FBI ta bankaɗo wasu 'yan damfara a Estoniya da suka sauya wannan saiti a kwamfutoci kusan miliyan huɗu. Saboda haka kada ka sa lambar da wani ya turo maka da alƙawarin data kyauta, kuma ka sauya kalmar sirrin da rautarka ta zo da ita daga kanti.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsar ɗana, domin irinta nake ji a aji. Ɗalibi ya kasa yin rajista, wa'adi ya wuce shi, a tambaye shi me ya gwada, ya ce sabis ne. Bai tambayi kansa ko hanya ce ta yanke ko suna ne ya ɓata ba, alhali layi biyu na rubutu sun isa su raba gardama. Mun ba yaranmu waya da kwamfuta, ba mu koya musu bin diddigin matsala mataki-mataki ba. Ranar Asabar na ɓata saitin da gangan, na miƙa wa yaron kwamfutar. Ya yi gunaguni, ya yi minti ashirin, ya gano. Tun daga ranar ban sake jin ya ce sabis ne babu ba sai ya gwada.

Sai mako mai zuwa.