Filin da Muke Kullewa Daga Litinin Zuwa Asabar



Dogon hutu ya zo, makarantu sun rufe. Duk wanda ya zaga unguwanninmu a Jos da la'asar ya san inda ƙannenmu suke: gidan kallon ƙwallo, shagon caca, ko wani lungu inda ake miƙa ƙwaya hannu da hannu. Kada mu yi saurin cewa yaran sun lalace. Filayen da muka taso muna buga ƙwallo a ciki an yanka su fuloti-fuloti an sayar. Ɗakin taron unguwa kuwa, inda akwai shi, sai biki ko taron siyasa ake buɗe shi, shi ma da kuɗin haya. To, ina muke so su je?

Mu kuma ga fili a harabar majami'a, ga ɗakunan Makarantar Lahadi cike da benci. Ban da koyon waƙa da taron addu'a, a kulle suke har Lahadi ta zagayo.

Mun san dalilin kullewar, ba ma raina shi. Wanda ya tuna bam ɗin da ya tashi a hedkwatar COCIN a Fabrairu 2012 ba zai ga laifin dattijon da ya riƙe mabuɗi gam ba. Amma kullewar ma tana da tata asarar. Tun rikicin 2001 da na 2008 garin ya rabu, har yaron da aka haifa a Unguwar Rukuba zai iya kai shekara ashirin bai taɓa buga wasa da sa'ansa na Unguwar Rogo ba. Abin da ya sani game da shi, labari ne kawai na manya, kuma mun san irin labarin.

Masu bi sun daɗe da gane cewa wasa ba ɓata lokaci ba ne. Ƙwallon kwando da duniya ke kallo yau, James Naismith ne ya ƙirƙiro shi a 1891 a makarantar YMCA da ke Springfield a Amurka, don ɗalibai su sami abin yi cikin ɗaki lokacin sanyi. Mutumin ya karanta tauhidi, kwandunan 'ya'yan itace biyu ya rataye. A 1895 William Morgan, shi ma na YMCA, ya fito da ƙwallon raga saboda magidantan da gudu ya fi ƙarfinsu. Annabi Zakariya ma, a sura 8, da yake kwatanta Urushalima bayan an maido da ita, tsofaffi ya nuna mana zaune da sandunansu, yara maza da mata suna wasa a titi.

Abin da muke roƙo ba mai yawa ba ne. A buɗe filin kwana uku a mako, daga ƙarfe 4 zuwa 6, manya biyu a bakin ƙofa da littafin rubuta suna. Raga ɗaya, ƙwallo biyu, dara da ludo a inuwa, ɗaki ɗaya ga masu shirin WAEC da JAMB. 'Yan mata su sami nasu lokaci, domin mun saba mantawa da su, sai aikin ɗebo ruwa ya taso.

Ga inda wasu za su ɗaure mana fuska: a buɗe wa kowane yaron unguwa, Kirista da Musulmi, kuma kada wa'azi ya zama kuɗin shiga. Uban da ya ji ana tare ɗansa da wa'azi kafin a ba shi ƙwallo ba zai sake barinsa ya zo ba, mu ma da haka za mu yi. A tashi kafin magariba don kowa ya isa gida a kan lokaci.

Dattawan ikkilisiya za su tambaye mu wa zai tsaya a ƙofa, kuma tambayar daidai ce. Sunaye shida muke so mu kai musu a zamansu na gaba. Takardar tana hannun sakataren zumunta, a same shi bayan sujada.