Adafta Ba Ta Rage Ƙarfin Wuta

Kwanakin baya wani maƙwabcina a nan Kinkinau ya kawo mini kilifar aski da ƙanensa ya aiko masa daga Amurka. Da ya ga ƙafafun filoginta ba su shiga soket, sai ya sayo adafta ya haɗa. Ta yi ƙara sau ɗaya, ta tuɗo hayaƙi, shi ke nan. Shi dai masu ba da wuta yake zargi. Da na juya bayanta, ga rubutu nan ɓaro-ɓaro: bolt 120.

Mai karatu, wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Adafta siffar ƙafa kawai take canzawa, wutar na wucewa da ƙarfinta. Abin da aka ƙera don 120, kamar dutsen guga ko butar shayi, in ya sha 230 zafinsa kan kusan ninkawa huɗu. Maganinsa taransifoma mai rage ƙarfi. Cajar waya kuwa ba ta cika damuwa ba, domin akasari an rubuta mata 100 zuwa 240.

Asarar kilifa mai sauƙi ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali, a matsayina na malamin nazarin halittu, shi ne ɗabi'armu ta cusa tsinke ko ƙusa a ramin sama na soket don filogi mai ƙafa biyu, irin na Nijar da Faransa, ya shiga. Doguwar ƙafar nan ta uku ba ado ba ce: ita ke kwashe wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. In babu ita, jikin mutum ne hanya. Zuciya kuwa da ɗan siginar lantarki nata na kanta take bugawa, kuma wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun in ta ratsa ƙirji, musamman da jiƙaƙƙen hannu, kamar na mai alwala.

Mafi yawan mutanenmu da ke haɗuwa da baƙuwar wuta alhazai ne. Saudiyya ta daɗe da wuta iri biyu, 127 da 220, sai a 2010 gwamnatinta ta yanke shawarar komawa 230 sannu a hankali. Har yanzu kuma wutarsu na juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, don haka fankar da aka ƙera don can kaɗai kan yi nawa a nan, injinta ya riƙa zafi. A ganina, masu shirya bitar maniyyata su ware minti goma, a ɗauko dutsen guga da caja, a nuna wa kowa inda ake duba lambar kafin ya sayi tsaraba ko ya jona abu a masauki.