Kunyar Neman Takarda Ce Ke Cinye Mana Motoci a Hanya



Yau zan tsoma baki a kan wata matsala da ta zama ruwan dare a tsakanin matasanmu: mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya sayi mota a gwanjon Copart ko IAA a Amurka, ya damƙa wa wani kamfanin jigila amanar kawo ta Legas, sannan ya shiga zaman jiran da ba shi da ranar ƙarewa. Wata uku, wata shida, kullum amsar guda ce: "Alhaji ka ƙara haƙuri, jirgi na hanya." Ra'ayina shi ne, irin waɗannan kamfanoni suna rayuwa ne a kan wata ɗabi'a tamu, wato jin nauyin cewa "rubuta mini." Duk ranar da muka daina jin wannan nauyin, kasuwar da yawansu za ta mutu.

Bari mu fara da yadda tafiyar take, domin wanda bai san hanya ba ko ina aka nuna masa sai ya yarda. Idan an ci gwanjon mota, babbar mota ce za ta ɗauke ta daga filin gwanjo zuwa tashar jiragen ruwa, kamar Baltimore ko Savannah. Dokar Amurka ta ce sai an miƙa wa kwastam ɗinsu ainihin takardar mallakar motar aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita. Daga nan ko dai a tuƙa ta a shigar da ita cikin jirgi, ko a saka ta a kwantena tare da wasu motocin. Idan ta iso Tin Can ko Apapa, ejan zai biya harajin kwastam ya fito da ita, sai tirela ta kawo ta Kano ko Kaduna. Kowane mataki a nan yana da takardarsa. Kamfanin da ya ce maka an wuce wani mataki amma ya kasa nuna takardar wurin, to ka saka alamar tambaya a kan maganarsa.

Uwar takardun ita ce takardar lodin jirgi. A jikinta akwai sunan jirgin, da tashar da ya tashi, da sunan wanda zai karɓi kayan, da lambar shasin motar mai haruffa da lambobi 17. Da lambar wannan takarda za ka iya shiga shafin kamfanin jirgin da kanka ka duba, kuma da sunan jirgin za ka ga inda yake a teku ta shafin MarineTraffic, daga wayarka kana zaune a shago. Gani ya kori ji. Akwai kuma wani abu da mutane ba sa lura da shi: idan sunan kamfanin jigilar ne a gurbin mai karɓar kaya, ba naka ba, to a idon tasha motar a hannunsu take. Da haka ne wasu ke riƙe motar mutum su ƙirƙiro sabon caji, su ce sai ya biya kafin su sake ta.

Ban ce kowane jinkiri ha'inci ne ba. Ranar 26 ga Maris, 2024, jirgin dakon kaya mai suna Dali ya daki gadar Francis Scott Key a Baltimore ta rufta, ma'aikata shida suka rasu, hanyar jiragen ba ta koma daidai ba sai a watan Yuni. Baltimore kuwa tana sahun gaba a tashoshin motoci na Amurka, don haka duk wanda motarsa ke can a lokacin ya sha jira, kuma babu laifin kamfaninsa. Sai dai irin wannan uzuri yana da rana, yana da wuri, kowa zai iya bincikawa ya tabbatar. Uzurin maƙaryaci ba ya tsayuwa wuri ɗaya: yau kwastam ne, gobe guguwa ce, jibi kuma wanda ke riƙe da fayil ɗin ya yi tafiya.

Jiran nan kuma kuɗi yake ci. Filin gwanjo yana cajin kuɗin ajiya idan ba a ɗauke mota da wuri ba, tashar Legas ma haka take yi a kowace rana bayan kwanakin rangwame sun ƙare. Ga kuma canji. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, harajin kwastam kuwa da farashin canji ake lissafa shi. Wanda aka ɓata wa wata shida a wannan tsakanin, lissafin da ya yi tun farko ya rushe gaba ɗaya. Idan kuma aka ce maka za a bi da ita ta Kwatano don sauƙi, ka tuna tun 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Sauƙin da zai kai motarka hannun kwastam a hanya asara ce tsagwaronta.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai ɗan unguwarmu ne, tare muke sallah, ya za a yi in ce ya sa hannu a takarda?" Ina girmama wannan tunani, domin kasuwancin Bahaushe tun zamanin fatake a kan amana ya ginu. Amma fataken da suke kai goro daga Gwanja sun san mai masaukinsu ido da ido, kuma idan ya ci amana, gari duka zai ji. Yau motarka tana ratsa hannun mutum biyar ko shida da ɗan unguwar naku ma bai taɓa ganin fuskarsu ba. Sannan ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya nemi a rubuta bai zargi kowa ba. Mutumin kirki ma takarda kariya ce gare shi, mara gaskiya ne kaɗai take tsorata. Kunyar mara kunya kuwa asara ce.

Saboda haka kafin ka tura ko sisi, ka nemi lambar rajistar kamfanin ka duba ta a shafin CAC. Idan a Amurka yake, hukumar FMC mai kula da sufurin teku tana da jerin kamfanonin da ta ba lasisi a intanet. A rubuta jimillar kuɗi, da abin da ya ƙunsa, da wanda zai ɗauki kuɗin ajiya idan jinkirin daga wajensu ne. Ka biya kashi-kashi, kowane kashi bayan ka ga takardar matakin da ya gabata, kuma ta asusun kamfani. Biyan komai a dunƙule tun mota tana filin gwanjo cinikin biri a sama ne.

Idan kuma ka riga ka faɗa hannunsu, ka daina dogaro da kiran waya. Ka tattara rasit da hotunan hirarku, ka rubuta musu wasiƙa mai kwanan wata, ka faɗi abin da kake nema da wa'adin da ka ba su. In sun yi biris, akwai Majalisar Masu Jigilar Kaya ta Najeriya da ke Apapa, tana karɓar irin wannan ƙorafi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, FMC ma tana da ofishin sasanta rikici, sannan ga kotu.

Kalma ta ƙarshe gare mu masu alƙalami. Sau da yawa mu ake kawo wa irin wannan kuka a ce "ku yayata su a Facebook." Ku yi hattara. Magana zarar bunu ce, kuma an sha gurfanar da mutane a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka wallafa. Idan za ka rubuta, ka rubuta abin da takarda ta tabbatar kawai: ranar biya, adadin kuɗi, alƙawarin da aka yi, da ranar da aka saɓa. Ka bar zagi da kiran mutum ɓarawo, mai karatu zai yanke hukunci da kansa. Mafi alheri ma, ka zauna ka taimaki mai kukan ya tsara wasiƙar ƙorafinsa tsaf, domin da yawa daga cikin waɗanda ake cuta ba su san ta inda za su fara ba.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya haɗa mu da masu riƙon amana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.