Mai Fakewa da Kotu Don Tare Ginin Abokin Gasa Ya Biya Ɓarnarsa

Kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin kai kukansa gaban alƙali. Sai dai akwai 'yan kasuwar da suka gano cewa ba sai sun ci shari'a ba kafin su karya abokin gasarsu. Jinkiri kaɗai ya isa. Mutum ya fara gina rukunin shaguna ko gidan mai, sai maƙwabcinsa a sana'a ya ruga kotu da hujjar cunkoson motoci ko kuskure a takardar izini, a ba da umarnin dakatar da aiki. Kafin a kammala ɗaukaka ƙara, farashin siminti da rodi ya tashi, ruwan bashin banki ya taru, leburori sun watse. Wannan shi ne fakewa da guzuma a harbi karsana.

Ƙasar Niyu Zilan ta ɗanɗana wannan. A birnin Auckland, kamfanin Foodstuffs ya gina katafaren kantin Pak'nSave a Wairau, amma ƙararrakin abokin hamayyarsa, Progressive Enterprises, suka sa ginin ya zauna a rufe shekara da shekaru, sai a 2009 aka buɗe shi. A wannan shekarar majalisar ƙasar ta gyara dokar tsara amfani da ƙasa. Ta hana ɗan kasuwa ƙalubalantar izinin abokin gasarsa, sai in aikin zai taɓa muhallinsa kai tsaye, kuma ta toshe hanyar ɓuya a bayan wani a ɗauki nauyin ƙararsa. Wanda ya keta, ana iya ɗora masa kuɗin shari'a, a kuma nemi diyya daga gare shi.

Amurka ta bi wata hanyar. Tun shari'ar Noerr ta 1961, dokokin hana kane-kane a kasuwa ba sa hukunta mutum don ya kai koke ga hukuma, daga baya aka haɗa da kotu. Amma an ware ƙarar bogi. A 1993 Kotun Ƙolin ƙasar ta gindaya sharuɗɗa biyu: ƙarar ta zama wadda babu mai hankalin da zai sa ran cin ta, sannan a tabbatar an shigar da ita ne don a cuci abokin gasa da wahalar shari'ar kanta. A Birtaniya kuwa, Kotun Ƙoli ta amince a 2016, a shari'ar Willers da Joyce, cewa wanda aka yi wa ƙarar ƙeta, ko da ba ta laifi ba ce, yana iya neman diyya.

Mu a Najeriya ba mu rasa makami ba. Tun 1989, a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya, Kotun Ƙoli ta jaddada cewa mai neman umarnin dakatarwa na wucin gadi sai ya yi alkawarin biyan asarar da ya jawo in ta bayyana bai cancanci umarnin ba. Wannan alkawari ya kamata lauyoyin masu gini su riƙa bi har ƙarshe, alƙalai kuma su auna asarar da ma'aunin gaskiya: hayar da aka rasa, ruwan bashi, da tashin farashin kaya.

Amma a yi hattara. Talakan da aka toshe masa magudanar ruwa, ko manomin da aka ƙwace gonarsa ba tare da diyya ba, bai kamata tsoron tara ya rufe masa baki ba. Rasa shari'a daban, shigar da ita da mugun nufi daban. Abin da kotu za ta bincika shi ne: wa ke biyan lauyan, kuma me zai samu in ginin ya tsaya? In amsar ta kai ga mai shagon da ke tsallaken titi, kuma ƙarar ba ta da tushe, to kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.