Lambar haraji a Madrid, takardar mai unguwa a Kebbe

Duk ɗan Nijeriya da ya nemi sayen gida a Sifaniya ya san cewa kafin a kammala ciniki sai an yi maganar lamba. Sunanta NIE, lambar da hukuma ke ba baƙo, kuma ita ce lambarsa ta haraji. Ana neman ta a ofishin 'yan sanda a can, ko a ofishin jakadancinsu, ko ta hannun lauyan da aka ba wakilci a rubuce. Idan babu ita, sunan mutum ba zai shiga rajistar gidaje ba, ba kuma zai iya biyan harajin ciniki ba. A Fotugal sunanta NIF. A Amurka sunanta ITIN, kuma ko da mutum ya sayi gidan da kuɗi hannu ba a tambaye shi ita ba, ranar da ya sa ɗan haya ko ya sayar za ta tare shi a hanya, domin doka ta ce a riƙe kashi 15 cikin 100 na kuɗin gidan da baƙo ya sayar har sai ya daidaita da hukumar haraji.

Mutanenmu masu hali suna bin waɗannan ƙa'idoji cikin ladabi. Suna biyan lauya, suna biyan mai fassara takardu, suna jiran rana, ba wanda ke ɗaga murya ya ce ko an san ko shi wane ne. Su dawo gida suna yabon tsarin Turawa a majalisa. Amma wannan mutumin, idan ya tashi sayen fadama a Kebbe ko gona a bakin hanyar Dogon Daji, takardar da zai karɓa falle ɗaya ce da aka yago daga littafin 'yan makaranta, da sa hannun shaidu biyu da hatimin mai unguwa. Da aka sa hannu kan sababbin dokokin haraji a ranar 26 ga Yunin 2025, aka tsara su fara aiki 1 ga Janairun 2026, aka kuma bayyana cewa lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ce za ta zama lambar harajin mutum, shi ne kan gaba wajen yaɗa saƙonnin firgici a WhatsApp. Abin da ya kira wayewa a Madrid shi ya kira zalunci a Sakkwato.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce munafunci ne kawai mu wuce. Akwai abin da ya fi haka nauyi, kuma sai an duba abin da lambar ke saya wa mai ita kafin a gan shi.

A Sifaniya lambar mabuɗin rajista ce. Da 'yan Yuro kaɗan mai saye zai karɓi taƙaitaccen bayani daga ofishin rajistar kadarori, ya ga sunan mai gidan, da girmansa, da bashin banki idan yana kansa. Da zarar an rubuta sunansa, hukuma ce za ta tsaya masa idan wani ya zo da da'awa. Ita kuma hukumar ba ta yi don Allah ba: baƙon da ba ya zaune a ƙasar yana biyan haraji kowace shekara ko da gidan a kulle yake, idan kuma ya sayar ana riƙe kashi 3 cikin 100 na kuɗin. Ciniki ne mai fuska biyu. Ka bari a san ka, a kuma san abin da ka mallaka; mu kuma mu kare maka shi.

To, me manomin Sanyinna ko Jabo ko Kuchi zai samu idan ya kai lambarsa? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen birni gwamna ke ba da izinin zama a kansu, na karkara kuma ƙaramar hukuma, wadda za ta iya ba mutum har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo. Sauya hannu yana buƙatar amincewar hukuma, kuma sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da tasiri. Mafi tsanani shi ne sashe na 36, wanda ya shafi gonakin karkara da mutane ke riƙe da su tun kafin 1978, wato irin gonakin gado da suka cika Tambuwal da Kebbe. Ya bar su a hannun masu su, amma ƙaramin sashe na 5 ya hana a yanka su fuloti, ya kuma hana a sayar. Kullum ana sayarwa, kowa ya sani. Ma'ana, abin da ke riƙe da irin wannan ciniki shi ne mutuncin shaidu da tsawon ransu. Kiyasin da aka fi ambata tun zamanin kwamitin gyaran dokar filaye da Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa a 2009, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, shi ne kashi 3 cikin 100 kacal na ƙasar Nijeriya ke da rajista.

Shi kuwa baƙo, halinsa ya fi muni, kuma akwai shari'ar da ya kamata duk mai sha'awar wannan batu ya sani. Wani Bajamushe, Gerhard Huebner, wanda ya gina gidan nan mai siffar fada a kan dutsen Kajuru a jihar Kaduna, ya sayi filin wurin, aka shawarce shi cewa tunda shi baƙo ne ya sa sunan kamfanin da yake shugabanta. Daga baya ya je kotu yana neman a tabbatar cewa filin nasa ne, kamfanin riƙon amana kawai yake yi. A 2017 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙararsa, ta nuna cewa dokar 1978 ta keɓe amfanin ƙasa ga 'yan Nijeriya. Sashe na 46 ya ba Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ikon tsara yadda wanda ba ɗan ƙasa ba zai karɓi fili, amma hanyar da ɗan Nijeriya ke samu a buɗe a Lisbon ba ta da takwara a nan.

Kada mai karatu ya ɗauka Bature kaɗai wannan ya shafa. Bahaushen Birnin Ƙonni ko Dogon Dutsi da ya yi shekara talatin yana fatauci tsakanin Jega da Sakkwato, ya yi aure a Tambuwal, ya haifi 'ya'ya, a idon doka shi da Huebner ɗaya suke. Zai iya samun NIN idan zamansa na halal ne, saboda haka hukumar haraji za ta iya gane shi. Gonar kuwa sai ya sa sunan suruki ko aminin kasuwa. Ranar da ɗayansu ya rasu, magada su ne za su gane cewa amana ba ta da lambar fayil.

Ina jin hujjar masu tsoron lamba, kuma ba ta wofi ba ce. Talakan Arewa ya san haraji da jangali tun zamanin En'e, ya san dogari a ƙofar gida, shi ya sa soke su da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi a Kano da Kaduna a farkon Jamhuriya ta Biyu ya zama abin tarihi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai sabuwar dokar ta yafe haraji kan Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, saboda haka ƙaramin manomi ba shi ne abin farautarta ba. Abin da ya kamata ya tsorata shi shi ne rashin takarda. Manomin da matsalar tsaro ta kora daga ƙauyensa ya yi damina uku a gari, idan ya koma ya tarar an ja iyaka, da me zai kafa hujja? Idan gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, wa ake kira teburin diyya in ba mai satifiket ba?

Duhun nan yana da masu cin moriyarsa, kuma ba manoma ba ne. Ku lura da inda kuɗin manya suka fi kwarara. A 2020 cibiyar Carnegie ta wallafa binciken Matthew Page, wanda ya gano kadarori 800 a Dubai masu alaƙa da 'yan siyasar Nijeriya da makusantansu, da ƙimarsu ta haura Dala miliyan 400. Dubai tana da rajistar gidaje mai ƙarfi, amma ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane. Wannan shi ne abin da babban mutum ke so: rajistar da za ta kare shi a waje ba tare da tambaya ba, da rashin rajista a gida don ya tara gonaki da sunan direba da ƙanen mata. Lambar da ta haɗa mutum da fili ita ce ƙarshen wannan wasa, domin za ta nuna wa ya mallaki me, kuma da wane albashi.

Ba sai an je Turai neman misali ba. Jamhuriyar Nijar, wadda muke yi wa kallon ƙanwa, ta kafa dokar karkara tun 1993, ta samar da kwamitocin filaye tun daga gunduma har ƙauye, inda mai gari ke zama da wakilan manoma da makiyaya, ana ba da takardar shaidar saye ko kyauta ko gado wadda hukuma ta sani. Tsarin yana da rauninsa, amma ya ɗauki hatimin mai gari ya shigar da shi cikin doka. Ruwanda ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista tsakanin 2009 da 2013. Mu kuma a nan ƙasar da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum kan hukuncin mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi, har yau falle ɗaya muke dogaro da shi.

Gyara sashe na 36 aiki ne mai wuya, domin sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya kulle dokar a cikinsa, sai an bi matakan gyaran tsarin mulki, ciki har da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. Amma buɗe rajistar gonaki a sakatariyar Tambuwal da ta Kebbe ba ya jiran Abuja, tunda dokar da kanta ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙon gargajiya. Mazaɓar da ta ba Nijeriya kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ta kuma ba jiha gwamna na shekara takwas, ba za ta ce ba ta san hanyar ofis ba. A auna gona, a rubuta iyakokinta a gaban maƙwabta, a ɗaura ta a kan NIN na mai ita, a sa kuɗin da bai wuce na buhun gero ba, a kuma bar littafin a buɗe ga duk mai son dubawa kafin ya biya kuɗi. Shafin farko kuma a fara da gonakin waɗanda suka riga suka mallaki lambar haraji a Madrid.