Gudun Safiyar Asabar Da Wahalar Sakin Ragama

Daga cikin jarrabawoyin da Allah ke yi wa wanda ya fara aikin alheri, akwai wadda ba a cika ambatonta ba, domin ba ta zuwa da kamannin masifa balle a yi wa mai ita jaje, watau ranar da aikin zai karɓu, ya bunƙasa, jama'a su yi masa caa, har mai shi ya tsaya a tsakiyar taron da shi ya tara, ya duba gabas da yamma bai ga fuskar da ya sani ba. Wanda ya kafa ƙungiya ta mutu a hannunsa kowa ya san maganin ciwonsa, haƙuri ne da sake ɗaura ɗamara. Amma wanda tasa ta rayu har ta fi ƙarfinsa ba shi da bakin kuka, sai abin ya tsaya masa a zuci, ya riƙa fitowa ta hanyar ƙorafi, da tsananta dokoki, da yawan ambaton yadda ake yi a da. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne ganin yadda ƙananan ƙungiyoyin motsa jiki ke tsirowa a biranenmu, mutum biyar ko goma su yi alkawarin haɗuwa bayan sallar asuba, a Dandalin Murtala na Kaduna ko a filin sukuwa na Kano, da yawansu likita ne ya razana su da hawan jini ko ciwon sukari, kuma lalle wasu daga cikin ƙungiyoyin nan za su girma. To, akwai wata a Ingila da ta riga su bin wannan hanya har inda ba wanda ya zata, labarinta kuwa ya isa a tsaya a kansa.

Ran Asabar 2 ga watan Oktoba na 2004, wani mutum mai suna Paul Sinton-Hewitt, haifaffen ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau, wanda ya tashi a Afirka ta Kudu, ya tara mutum 13 a gandun shaƙatawa na Bushy da ke kudu maso yammacin Landan, domin su yi gudun kilomita 5 shi kuwa ya riƙe musu agogo. A lokacin ya rasa aikinsa, ga rauni a ƙafa ya hana shi gudun da ya saba, sai ya nemi dabarar da za ta sa ya riƙa ganin abokansa kowane mako, a gama a tafi shan gahawa a yi hira. Alƙalami da takarda ne kayan aikinsu, sai 'yan washa na ƙarfe da aka buga wa lamba, wanda ya iso a miƙa masa ɗaya domin a san na nawa ya zo. Ba a biyan ko kwabo. Wannan ɗan taro shi ne asalin abin da ake kira parkrun, wanda a yau ake yinsa kowace Asabar a wurare fiye da 2,000 cikin ƙasashe fiye da 20, miliyoyin mutane suka yi rajista da shi. Ranar da gandun Bushy ya cika taro na 1,000, a watan Agusta na 2024, waɗanda suka ƙare gudun sun haura 6,000.

Tsakanin 13 da 6,000 abubuwa da yawa sun zube a hanya, kowanne kuwa akwai wanda ya so shi. Sunan farko, wanda ke nuna cewa gwajin sauri ne na 'yan gandun Bushy, an ajiye shi. An buɗe wuri na biyu a Wimbledon a 2007, sa'an nan Danmak a 2009, sa'an nan Johannesburg a 2011 ta hannun Bruce Fordyce, gwanin da ya lashe tseren Comrades sau tara. Washa da takarda suka ba da wuri ga lambar da na'ura ke karantawa. Rigunan da ake bai wa wanda ya cika gudu 50 ko 100 kyauta, da jama'a suka yi yawa kuɗin ya gagara, a 2021 aka koma sayar da su. Shi kansa mai kafawar, shekara guda bayan Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 2014, ya miƙa ragamar gudanarwa ga wani, Nick Pearson, ya koma gefe.

Ba daidai ba ne a raina baƙin cikin mutanen farko, a ce musu sabo turken wawa a wuce, domin abin da suka rasa haƙiƙa abu ne mai daraja. Mutum goma sha uku sun san sunayen juna, sun san wanda matarsa ba ta da lafiya, in ɗaya bai zo ba kafin hantsi an nemi dalili. Mutum dubu kuwa ba sa zama a teburi ɗaya, kuma ba wata hikimar shugabanci da za ta mai da su haka. Wanda ya ce girma bai rage kome ba bai faɗi gaskiya ba. Sai dai yana da kyau mutum ya binciki zuciyarsa a kan wannan baƙin ciki, gama sau da yawa abu biyu ne suka cakuɗe a cikinsa, ɗaya kewar zumunci, wadda halal ce kuma abin yabo, ɗaya kuwa abin da malaman tarbiyya ke kira ujubu da son girma, watau jin cewa ni na fara, saboda haka ni ya kamata a gani, ni za a tambaya, baƙon da ya zo jiya kuma bai isa ya ce a sauya hanya ba. Na farkon ana samun maganinsa cikin sauƙi, gama ba wanda ya hana tsofaffin abokai haɗuwa ranar Laraba su kaɗai. Na biyun shi ke kashe ƙungiya, kuma da wuya mai shi ya gane yana ɗauke da shi, tun da kullum cikin rigar kishin ƙungiyar yake fitowa.

Akwai wani lissafi da masu parkrun ke alfahari da shi, wanda da farko za ka ce abin kunya ne. A shekarun farko matsakaicin lokacin da ake ƙare kilomita 5 ɗin bai wuce minti 22 da 'yan daƙiƙu ba, a yau kuwa ya haura minti 30. Dalili shi ne, mutanen farko 'yan kulob ne, gwanayen gudu, waɗanda suka biyo baya kuwa tsofaffi ne, da masu ƙiba, da mata masu tura keken jarirai, da waɗanda suka tashi daga jinya. A 2017 aka sauya aikin mai bin bayan ayari, aka ce ya riƙa tafiya da ƙafa maimakon gudu, domin kada wani ya zama na ƙarshe ko ya ji ana kora shi. A shekarar ce aka fara yin gudun a cikin wani gidan kurkuku, Haverigg. A 2018 ƙungiyar likitocin iyali ta Birtaniya ta haɗa hannu da su domin asibitoci su riƙa nuna wa marasa lafiya hanyar wurin. A 2022 kuma aka fito fili ana kiran masu tafiya zalla su zo. Gwanin da ya zo a 2005 domin ya gwada saurinsa da sa'o'insa yana da hujjar cewa wurin ba nasa ba ne kamar da. Amma in an auna da ma'aunin maslaha, mutumin da bai taɓa motsa jiki ba ya fi bukatar wannan safiya bisa ga wanda ko ba ita zai yi gudunsa, kuma ƙungiyar da ta fifita mabukaci a kan gwani ba ta ɓace hanya ba.

A ganina babin da ya fi haskaka wannan al'amari yana cikin fiƙihu, watau babin waƙafi, wanda wasu ke kira hubusi. Ba fatawa nake bayarwa ba, misali nake nema. Malaman Malikiyya sun sharɗanta cewa wanda ya yi waƙafin gida ko gona, tilas abin ya fita daga hannunsa ya shiga hannun waɗanda aka yi dominsu ko mai kula da shi, har in ya mutu, ko bashi ya cinye shi, alhali bai saki ba, waƙafin ya ɓaci. In masallaci ne ko rijiya, sakin shi ne ya bar mutane su shiga su amfana ba tare da ya tsaya a ƙofa ba. Sun kuma ce in ya sharɗanta cewa shi da kansa zai ci gaba da juya abin, wannan ma ɓatawa ne. Amma duk da haka sun wajabta a bi sharaɗin da ya gindaya muddin bai saɓa wa shari'a ba. Dubi wannan adalci: an cire hannunsa, an tsare manufarsa. Wanda ya kafa ƙungiya domin jama'a, in da ihlasi ya yi, haƙƙinsa shi ne a kiyaye 'yan sharuɗɗan da aka gina ta a kansu, sauran al'amura kuwa, suna ne, ko hanyar da ake bi, ko wanda ke busa usur, duk rassa ne, sarki goma zamani goma.

Sharaɗin parkrun kuwa gajere ne: kyauta, kowane mako, ga kowa. An gwada shi a 2016, sa'ad da majalisar wani ƙaramin yanki kusa da Bristol, Stoke Gifford, ta yanke shawarar a riƙa biyan kuɗi domin gudun da ake yi a filin Little Stoke, tana kafa hujja da cewa ɗaruruwan ƙafafu kowane mako suna cinye hanyoyin filin, gyara kuma kuɗi yake ci. Hujjar ba ta banza ba ce. Amma masu ƙungiyar suka ga in an buɗe wannan ƙofa a wuri ɗaya ba mai iya rufe ta a sauran, suka gwammace su rufe gudun Little Stoke ɗungurum, ko da yake mutanensa sun yi kuka, dubbai kuma sun sa hannu a takardar koke. Mutanen da suka saki suna, suka saki shugabanci, daga baya ma suka saki riguna, a nan sun ƙi motsi ko taƙi ɗaya.

Sai dai riƙon nan da ake gudu daga mai kafawa yana iya komawa ga ofishin da ya gaje shi, kuma a nan ina da magana a kan parkrun. A watan Fabrairu na 2024 hedikwatar ƙungiyar ta cire wasu bayanai da aka daɗe ana wallafawa, kamar sunan wanda ya fi kowa sauri a tarihin kowane wuri, da jerin mazan da suka ƙare ƙasa da minti 17 da matan da suka ƙare ƙasa da minti 20, bisa dalilin cewa irin waɗannan suna sa baƙo ya ɗauka tsere ne ya ji tsoron zuwa. Lokacin kowa na mako-mako an bar shi. Manufar ta dace da sharaɗin asali, ban musa ba. Amma dubban mutane sun yi koke, cikinsu har da masu aikin sa kai waɗanda suka shekara da shekaru suna tsayuwa cikin sanyi da agogo a hannu domin a tara waɗannan bayanai. Tsohuwar da ta fi duk sa'o'inta sauri a garinsu ba ta tsorata kowa ba, ga shi an ɗauke mata ɗan abin da take nuna wa jikoki. Wanda ke neman mutane su haƙura da abin da suka saba, wajibi ne ya faɗaɗa shawara tun kafin ya zartar, ya bar musu abin da barinsa ba ya cutarwa, domin kiran a karɓi sauyi yana da sauƙi a bakin wanda ba abinsa aka ɗauka ba.

Abu ɗaya da ya kamata ƙungiyoyinmu su koya tun suna ƙanana shi ne yadda parkrun ke ɗaukar yawa: in wuri ya cika, sai a buɗe wani a unguwa ta gaba, da mutanen unguwar a kansa, jagorancin safiya kuma yana zagayawa tsakanin masu aikin sa kai daga mako zuwa mako. A wurinmu akasin haka aka fi gani, in mutanen wata unguwa mai nisa suka ce sun gaji da kuɗin mota za su buɗe nasu kusa da gida, sai a kira shi ɓaraka, a shiga gaba, alhali da ma domin a motsa jiki aka taru, ga shi kuwa za a motsa a wuri biyu. Haka nan littafin suna, da asusun taimakon juna in akwai, kada su kwana a hannun mutum ɗaya shekara da shekaru, kome amanarsa, gama ranar da ya yi tafiya ko aka yi masa canjin wurin aiki sai kome ya tsaya cik. Sababbin zuwa kuma za su zo da bukatun da mutanen farko ba su taɓa tunani ba: mata za su nemi lokacinsu dabam da mai horar da su mace, dattawa za su ce su tafiya za su yi ba gudu ba, wasu za su ce a koma bayan la'asar, in azumi ya zo kuma a ce a ɗage sai bayan tarawihi. Kowace daga cikinsu a zauna a tambaya ko ta taɓa sharaɗin da aka kafu a kansa, in ba ta taɓa ba a gwada ta wata guda, a sa wanda ya kawo shawarar ya jagorance ta.